Iyakar Ƙa'idar Tara Sakamako a Kewayen Lantarki Mai Diyod

Daga cikin ƙa'idojin da ɗalibin kimiyyar lantarki yake fara cin karo da su akwai ƙa'idar tara sakamako, wadda Helmholtz ya bayyana a 1853. Abin da take nufi shi ne, idan kewaye yana da batir fiye da ɗaya, ana iya lissafa kwararar wutar da kowane batir yake haifarwa shi kaɗai, a maye gurbin sauran da waya zalla, daga nan a tara amsoshin.

To, amma ƙa'idar tana da sharaɗi. Ba ta tsayawa sai a inda kwarara take tafiya daidai da ƙarfin turawa, watau in an ninka ƙarfin, ita ma ta ninku, kamar yadda dokar Ohm ta 1827 ta nuna game da rizista. Diyod kuwa ba haka halinsa yake ba. Hanya ɗaya yake barin wuta ta bi, kuma na silikon ba ya buɗewa sosai sai turawar ta kai wajen bolt 0.7.

Alal misali, a jera diyod da rizista mai om 100 da batura biyu masu fuskantar juna, ɗaya bolt 5, ɗaya bolt 3. Na farko shi kaɗai zai ba da miliamfiya 43. Na biyu, da yake ta baya yake turawa, ba zai ba da kome ba. Jimla 43 ke nan. Alhali kuwa in an haɗa su tare, bolt 2 ne ya rage, a cire 0.7, kwararar ba ta wuce miliamfiya 13 ba. Wanda ya zaɓi fis ko rizista bisa lissafin farko ya yi aikin banza, ko da tarawarsa ba ta da kuskure ko ɗaya.

Duk da haka ba a yar da ƙa'idar gaba ɗaya ba. In an riga an buɗe diyod da tsayayyiyar kwarara, sa'an nan aka ɗora masa ɗan ƙaramin sigina, yakan yi kamar rizista. A miliamfiya 1, cikin zafin ɗaki, juriyarsa wajen om 26 ce, kuma a wannan ɗan taƙi ana iya tarawa. Da siginar ta girma, lissafin ya rushe.

Wannan rashin biyayya na diyod shi ne ma amfaninsa, don da shi akwatin rediyo yake tsamo murya daga igiyar da ta ɗauko ta.