Ta Ina Za Mu Fara Tara Kuɗin Gina Ɗakin Taron Garinmu?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙaramin gari a karkara, kuma yawancinmu manoma ne. Idan taro ya tashi ba mu da wurin zama sai gindin durumin ƙofar gidan Maigari, ko mu ari aji a firamare. Shekara biyu ke nan muna maganar gina ɗakin taro. Wani dattijo ya ce ya ba mu fili. Samari sun matsa a kira gidauniya, a gayyato manyan mutane da 'yan siyasa, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Ta ina ya kamata mu fara?

Amsa: Zuciyarka ba ta yi maka ƙarya ba. Gidauniya tana da amfani, amma ba da ita ake buɗe aiki ba.

Na taɓa zama a wata gidauniya irin wadda samarinku ke so. An kafa rumfuna, an yi hayar kujeru da lasifika, an yanka raguna don baƙi. Babban baƙo bai iso ba sai bayan la'asar. Ya karɓi abin magana ya ce shi da abokansa sun ba da miliyan kaza, sanƙira ya maimaita har sau uku, mata suka rangaɗa guɗa. Da dare kwamiti ya zauna a kan tabarma ana ƙirga abin da ya shigo hannu, aka cire kuɗin rumfa da abinci da man motocin da suka ɗauko baƙi, abin da ya rage bai kai na tifa biyu na yashi ba. Miliyoyin nan kuwa ma'aji ya yi ta sintiri a kansu har ya gaji. Mafi muni, mutanen gari sun ji adadin da kunnensu, don haka da ginin bai tashi ba sai aka ce kwamiti ya cinye. Har yau akwai gidajen da ba a gaisawa.

Don haka ku fara da filin nan. "Na ba ku" magana ce ta baki, kuma dattijo ba zai dawwama ba. Ranar da aka zo rabon gado, wani ɗa da ke birni zai iya cewa shi bai san zancen ba. Ku rubuta kyautar a takarda tun mai ita yana raye da hankalinsa, a ambaci iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, manyan 'ya'yansa su sa hannu, Maigari da Liman su zama shaidu. Idan waƙafi ya yi nufi, a rubuta kalmar ƙarara, domin abin da aka yi waƙafinsa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa. Daga nan ku kai takardar ƙaramar hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a kan filin da ba ya cikin birni. A binne duwatsun iyaka kafin damina, kada kunyar maƙwabci ta fara cin filin taku-taku.

Sai asusu. Kada sisin kwabo ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da shi ne mafi gaskiya a garin; kuna kare shi ne daga zargi. Ku yi rajista da ƙaramar hukuma, in da hali ku wuce Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ku yi rajistar amintattu. Za a buƙaci tsarin mulkin ƙungiya da sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Da wannan takardar banki zai buɗe muku asusu da sunan ƙungiya. Mutum uku su riƙe sa hannu, kuɗi kada ya fita sai biyu sun sa, kuma kada ukun su fito daga zuriya ɗaya ko jam'iyya ɗaya.

Yanzu kuɗin kansa. Manomi ba ya da naira a aljihu a watan Yuli, amma yana da hatsi a watan Nuwamba. Ku tara a lokacin kaka, ku karɓi abin da mutane ke da shi. A ce garinku gida 300 ne, kowane gida ya auna kwano 5 na masara ko dawa ko gero: kwano 1,500 ke nan, wato buhu 37 da ɗoriya idan aka yi lissafin kwano 40 a buhu. Ba wanda zai ji ciwon kwano biyar, kuma duk wanda ya auna ya san yana da haƙƙi a ginin. Ko a sayar nan take ko a ajiye zuwa bazara, wannan shawara ce ta 'yan kasuwar cikinku. Farashi yakan hau, amma ba kowace shekara ba, ga kuma ƙwari.

'Ya'yan garin da ke Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, daga ma'aikaci har mai tura ruwa da ɗan acaɓa, a tara su a zauren WhatsApp ɗaya, a yanka musu ɗan abin da ba zai gagara ba duk wata. Dubu ɗaya da ke shigowa kowane ƙarshen wata ta fi dubu hamsin da aka yi alkawari a bainar jama'a. Abin da zai sa su ci gaba da turowa shi ne gani: hoton rasit, hoton tulin bulo, sunan kowa da abin da ya bayar. A gida kuma a karanta lissafin a ƙofar Maigari duk wata, a manna kwafinsa inda kowa zai gani.

Wani zai ce a zuba zakka a ciki. Ku tuntuɓi malamanku tukuna. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci rukunin mutane takwas da ake ba zakka, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, ba su halatta a yi gini da ita ba. Ƙofar sadaka da ta waƙafi a buɗe suke.

Akwai abin da nake so ka riƙe da kyau: kuɗin gini ba ya son zama. Waɗanda suka ajiye nasu a banki a 2023 suna jiran ya cika sun ga yadda, bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Duk abin da ya shigo ku mayar da shi kaya. Amma kada ku jibge siminti, domin yana shan danshi ya daskare cikin 'yan watanni. Ku buga bulo da shi. Ku tsaya a kan mai bugawa: buhu ɗaya ya fitar da bulo mai inci 9 kamar 30 zuwa 35, ba 50 ba, a kuma riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Bulon da ka murza da yatsa ya zubo gari, ba bulo ba ne. Rodi da kwanon rufi suna jure ajiya idan an ɗaga su daga ƙasa an rufe.

Sauran kuma gayya ce, abin da kakanninmu suka gina ganuwa da masallatai da shi. Haƙa harsashi, ɗibar yashi da amalanke, jidar ruwa, ciko, duk ba sa buƙatar ɗan kwangila. Magini da kafinta kawai za a biya, sai wanda ya san aikin gini da zai duba muku zane, domin ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi ba rufinsa ba wasa ba ne. Iskar farkon damina ba ta da kunya. Ku sa mata a kwamiti tun yanzu, ba sai ranar dafa abincin 'yan gayya ba. Su ne za su fi shiga ɗakin: karatun manya, rigakafin yara, koyon sana'a, biki. Su ne kuma za su tuna muku da banɗaki, wanda maza kan manta har sai an gama fenti.

Idan bango ya kai linta da guminku, to lokacin gidauniya ya yi. A kira ta a jikin ginin, ba a filin makaranta ba. Mai kuɗi ya fi saurin sakin hannu idan ya ga aiki tsaye, kuma a lokacin roƙonku yana da suna: bandir kaza na kwano, katako kaza, ƙofa huɗu, taga goma. Ku ce a kawo kayan, kada a yi alkawarin kuɗinsu. Sanƙira kada ya faɗi abin da bai shigo ba. Ɗan siyasa ya kawo nasa a karɓa da godiya, amma kada a sa wa ɗakin sunansa ko launin jam'iyyarsa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma rabin gari zai ƙaurace wa wurin.

A wannan matakin ne kuma ya dace ku ƙwanƙwasa ƙofar hukuma. Shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2009 zuwa 2021 ya yi aiki ne bisa tsarin al'umma ta zaɓi aikinta, ta kawo kashi 10 cikin 100 a kuɗi ko kaya ko aikin ƙarfi, hukuma ta cika sauran. Ka leƙa ofishin hukumar CSDA ta jiharku, wadda ta gudanar da shirin, ka ji abin da suke ɗauka yanzu. Ka tafi da takardar fili, da ta rajista, da littafin lissafi, da hotunan ginin, domin su za a fara tambayarka kafin a ba ka kujera.