Adashi da Sauyin Zamani a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Adashi tsohuwar hanya ce ta tara kuɗi da ba da rance ba tare da ruwa ba. Mutane kan yanka adadin da kowa zai riƙa zubawa duk mako ko duk wata a hannun uwar adashi, ita kuma ta miƙa wa wanda kwasa ta zo kansa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda adashi yake sauya abin zubi da hanyar zubi don ya dace da zamani.

Faɗuwar Darajar Kuɗi

Babban abokin gabar adashi shi ne tsadar kaya. Misali, idan mutum goma suna zubi duk wata, na ƙarshe sai ya jira wata goma, kuma kafin nan abin da kuɗinsa zai saya ya ragu. Wannan matsala ta tsananta bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da tsarin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi. Masu adashi kan magance ta ta hanyoyi biyu: ko dai su gajarta zagayen zubi, ko kuma su mai da kwasar ta zama kaya, kamar shinkafa ko atamfa ko kayan ɗaki.

Sababbin Sigogi

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi. A nan kuɗin zubi yana zama cikin akwati, mai bukata ta ranta ta biya da ɗan ƙari, in zagaye ya cika a raba. Wato adashi ya koma asusun rance. Haka kuma, da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, masu zubi da yawa suka koma aika kuɗi ta wayar hannu.

Kammalawa

Sai dai kowane sauyi yana da nasa haɗari. A da, kunyar maƙwabta da dangi ke hana wanda ya kwashe gudu. Adashin waya kuwa yakan haɗa waɗanda ba su san juna ba, don haka wasu ƙungiyoyi kan nemi mai tsaya wa sabon shiga, ko su sa shi kwasar ƙarshe. Ya kamata manazarta al'adun Hausawa su duba ko waɗannan dabaru za su iya maye gurbin kunya.