DARASI: AIKA SAƘO A RUBUCE TA REDIYON OBA-OBA

'Yan'uwa manoma na Kafin Dafga da kewayen Ƙaraye da Rogo, kowa ya san amfanin wayar hannu. Amma wayar hannu ta dogara ga dogon ƙarfen nan na kamfani. In ya tsaya, magana ta yanke. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda tsaro, sa'an nan aka rufe a waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina, har da Funtuwa da Malumfashi. Mutane sun yi makonni ba su ji daga 'yan'uwansu ba. Saboda haka yana da kyau samarinmu su san wata hanya ta biyu.

Wannan hanya ita ce rediyon da ke karɓa ya kuma aika, wanda muke kira oba-oba. Mai aiki a gajeren zango ba ya bukatar ƙarfen kowa. Saƙonsa yakan hau sama, ya bugi wani sashe na sararin sama, ya sauko nesa. Akwai mutane a ko'ina cikin duniya masu yin wannan aiki don sha'awa da koyo. Kowannensu yana da lambar kira. Ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar kuwa da 5U.

Da farko, doka

Kada kowa ya aika ko da ƙara ɗaya sai yana da lasisi daga gwamnati. A lokacin da tsaro ya taɓarɓare, wanda aka kama da oba-oba ba takarda zai sha wahalar bayani. Ku sani kuma, wannan lasisi bai yarda da ciniki ba. Ba za a sayar da masara ko gyaɗar ƙungiya ta cikinsa ba, ba a kuma ɓoye ma'anar saƙo. Amfaninsa shi ne koyo, da zumunci, da neman taimako ranar hatsari.

Yadda rubutu yake tafiya

Hanya mafi daɗewa ita ce ta Samuel Morse, wanda ya aika saƙo ta waya a Amurka a 1844 da gajerun alamu da dogaye. A 1998 wani Bature a Ingila, Peter Martinez, ya fito da PSK31, inda mutum biyu suke hira ta kwamfuta. A 2017 Joe Taylor da Steve Franke suka fito da FT8, wadda ake samu kyauta cikin manhajar WSJT-X.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta tana mai da haruffa su zama ƙara mai kama da fito. Ƙaran ya bi waya ya shiga rediyo, rediyo ya aika shi. A can ɗaya gefen wata kwamfuta ta mai da shi rubutu. Kwamfuta tana iya tsamo saƙon da ya yi rauni har kunne ba ya jinsa. Shi ya sa ƙaramin ƙarfi yake kai saƙo nesa. A FT8 kowa yana da daƙiƙa 15, wannan ya aika, wancan ya amsa. Don haka lalle agogon kwamfuta ya zama daidai. Saƙonta gajere ne, wanda mutum ya tsara da kansa ba ya wuce haruffa 13. Ana samun masu FT8 a megahaz 7.074 a kan mita 40, da 14.074 a kan mita 20.

Gwada eriya kafin a aika

Masu noman rani a bakin dam ɗin Challawa sun san abin da ke faruwa in tiyo ya toshe: ruwa ya koma baya, inji ya wahala. Haka rediyo yake. In tsawon eriya bai dace da zango ba, wani sashe na ƙarfin yakan komo cikin rediyo ya zafafa shi. Ma'aunin da aka rubuta SWR a kansa shi ke nuna wannan. Don mita 40 ana bukatar waya mai tsawon wajen mita 20, a raba ta biyu, mita 10 kowane gefe, a ɗaga ta sama nesa da wayar lantarki.

1. Ka saurara tukuna. Kada ka yi gwaji a kan maganar wani, ko a kan wurin da masu FT8 suke taruwa. Matsa gefe kaɗan.
2. Ka rage ƙarfi zuwa wat 5 ko 10.
3. Ka danna maɓallin gwaji na 'yan daƙiƙu kaɗai, ka duba ma'auni, ka saki.
4. In ya nuna 1.5 ko ƙasa, madalla. In ya kai 2, a gyara. In ya kai 3, ka tsaya, ka duba mahaɗan waya.
5. In eriya ta fi dacewa a megahaz da ke ƙasa da wanda kake so, ta yi tsawo. Ka rage kaɗan kaɗan a gefe biyu daidai. Naɗe bakin waya ya fi yankewa, gama abin da aka yanke ba ya komawa.
6. Ka faɗi lambar kiranka bayan gwaji.

Kada a cika wa rediyo kaya

Sa'ad da mutum yake magana, rediyo yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Saƙon kwamfuta kuwa ba hutu, kamar saniyar huɗa ce da ba a tsayar da ita a bakin kunya. Rediyo mai wat 100, a ba shi 25 ko 30 ya isa. Wannan yana kuma ceton batir, gama a cikakken ƙarfi irin wannan rediyo yana jan wajen amfiya 20. Ka lura da ma'aunin ALC. In yana tashi sosai, ƙaran kwamfuta ya yi yawa, saƙonka zai gurɓace ya fantsama kan na maƙwabta. Sai ka rage shi.

Kada kowa ya taɓa eriya ana cikin aikawa, tana ƙuna. Da damina, da zarar hadari ya taso, a cire wayar eriya daga rediyo saboda tsawa.

Ba sai ƙungiya ta sayi kaya yau ba. A fara da sauraro, a kuma zaɓi saurayi ko budurwa mai natsuwa ya nemi lasisi. Da rarrafe yaro kan tashi.

Tambayoyi don taron ƙungiya

1. In aka rufe layin waya mako guda, yaya za mu kai labarin marar lafiya asibiti?
2. Me ya sa ake rage ƙarfi kafin a gwada eriya?
3. Wane ne a cikinmu zai iya ɗaukar wannan koyo, da me za mu taimake shi?