Ina karatun siyasa a Guangzhou, Baffa ya ce in bari in kama kasuwa

Malam, 

Ni ɗan Kano ne. Na yi digirin farko a kimiyyar siyasa a gida, na yi bautar ƙasa, sannan Allah ya ba ni gurbin digiri na biyu a wata jami'a a nan Guangzhou, ƙasar Sin. Yanzu lokacin zaɓen batun kundin bincike ya zo, ni kuwa zuciyata ta rabu biyu.

Baffana ɗan Kantin Kwari ne, yana zuwa saro kaya. Duk zuwan da zai yi, in muka zauna cin abinci a Xiaobei sai ya ce, "Kai wace siyasa za ka koyo a ƙasar da ba kamfe, ba fosta, ba adawa? Tunda ka iya yarensu, ka riƙa yi mana lodin kwantena ina ba ka kamisho." Abokaina na gida kuma tsokanata suke, wai ɗan gurguzu zan dawo.

Abin da ya fi damuna, a aji ma nakan ji kamar suna da gaskiya. Akwai tambayar da in ka yi sai ajin ya yi tsit, malami ya yi murmushi ya wuce. Na so in yi kundina a kan 'yan adawa, aka ba ni shawarar in sake tunani. Malam, in haƙura in ƙarasa, ko in bi Baffa? In zan ƙarasa, me zan rubuta da zai amfane ni in na dawo?

Ɗanka, daga Guangzhou

Ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka.

Maganar Baffa ta fi sauƙin amsawa, bari in sallame ta. Izinin zamanka na ɗalibi ne, kuma dokar can ba ta yarda ɗalibi ya kama aikin kuɗi ba sai da amincewar makaranta da ta hukumar shige da fice. Wanda aka kama, tara ce, ko tsarewa, ko kora gida. Ka faɗa masa haka cikin ladabi. Kasuwar ba za ta gudu ba, tun 1957 ake cin babbar kasuwar baje kolin Canton a garin nan, sau biyu a shekara.

Tambayarsa dai tana da nauyi, don mu nan mun saba ɗaukar ranar zaɓe a matsayin siyasa gaba ɗaya. Zaɓe babi ɗaya ne a fanninka. Sauran babukan su ne wa ke karɓar haraji, wa ke naɗa ma'aikaci, wa ke tsige shi, ta wace hanya kuɗin hukuma ke isa unguwa, wa talaka zai kai wa kuka. Lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam a Kano, da lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa, babu akwatin ƙuri'a a ƙasar Hausa, amma ba wanda zai ce ba siyasa suka rubuta ba.

Kuma ka san garin da kake zaune kuwa? A nan jam'iyyar Kwaminis ta yi babban taronta na uku a 1923, inda ta amince ta haɗa kai da jam'iyyar Kuomintang. A 1924 Sun Yat-sen ya kafa jami'ar da yau ake kira da sunansa, da makarantar soja ta Huangpu. A 1926 Mao Zedong ya jagoranci makarantar horar da masu wayar da kan manoma a wani tsohon ginin Confucius, wanda har yau yana nan, tashar jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da ke kusa ma sunan makarantar ta ci. Ka je wata Asabar ka leƙa ajin da ɗakin kwanan ɗaliban, ka tuna da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU da suka fito a 1950 suna bi ƙauye-ƙauye. Dukansu manomi suka nufa. Waɗancan suka ɗauki bindiga, namu suka ɗauki ƙuri'a. Me ya sa, kuma ina kowa ya ƙare? Wannan kaɗai ya ishe ka tunanin zango guda.

Shirun da ajinku ke yi kuwa, ba zan ce maka ba ka ji daidai ba. Jam'iyya ɗaya ke mulki tun 1949. Ƙananan jam'iyyu takwas da ake da su duk sun amince da jagorancinta, ba adawa suke ba. Jaridu na ƙarƙashin ido, Facebook ma a toshe yake. Wanda ya ce ka sake tunani a kan batun 'yan adawa ya yi maka gata. Kai baƙo ne, za ka karɓi takardarka ka hau jirgi, malaminka da 'yan ajinku su ne za su zauna da abin da ka tono. Ka lura da inda ake shiru, ka riƙe a ranka, in ka dawo ka karanta abin da masu suka suka rubuta, ka auna. Abin da ba na so shi ne ka dawo mana maroƙi. Mun gaji da masu zuwa su ga gadoji da jirage su dawo suna cewa a soke zaɓe.

Da ni ne kai, a kan ƙaramar hukuma zan yi kundina. Guangzhou na da gundumomi 11, ƙarƙashinsu ofisoshin unguwanni, ƙarƙashin waɗannan kwamitocin mazauna. A kowane mataki sakataren jam'iyya ya fi shugaban gudanarwa ƙarfi, har shi magajin gari. Akwai lambar waya 12345 da mutum zai kira ya kai ƙorafi kan shara ko kwata ko fitilar titi. Ka bi ƙorafi guda tun daga kiran har gyaran: teburin wa ya fara sauka, kwana nawa aka ba shi, kuɗin daga ina, me zai sami ma'aikacin in ya yi sakaci? Sannan ka yi wa Kano da ƙananan hukumominta 44 tambayoyin nan. Mun yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, muna da 774, amma sai a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

Ina zaton abin da za ka tarar shi ne jami'in can na sama yake tsoro, don ƙarin girmansa a hannunsu yake. Wannan na sa aiki ya yi sauri, yana kuma sa a ƙawata rahoto a danne kukan da zai ɓata suna. Ciyaman ɗinmu kuwa gwamna yake tsoro, ba mai kwata ba. Bambancin da kamancin duka ka rubuta su, da hujja.

Ka kuma dage da karatun rubutunsu, kada ka tsaya a yaren ciniki. Tun 1971 Nijeriya ke da hulɗar jakadanci da Sin, kamfaninsu ne ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, muna ta sa hannu a yarjejeniyoyi da su. Ɗanmu da zai karanta takardar hukumarsu da kansa, ba ta bakin tafinta ba, ba zai rasa aiki ba, ko a gwamnati ko a jami'a ko a Kwarin ma.

Ka ƙarasa karatunka. Baffa kuma ka ci gaba da tarbarsa in ya sauka, kada zumunci ya yi rauni a kan kamisho. In ka gama kundin, ka aiko mini in gani.