Darasin Kimiyya: Me Ya Sa Hitar Tsohuwar Mota Take Hura Iska Mai Sanyi?

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, idan hunturu ya kankama, mutanen Garam da ke jihar Neja masu sammakon zuwa aiki Bwari ko Kubwa ko cikin Abuja, da masu nufar kasuwar Suleja, sukan fito da asuba cikin hazo. Sanyin wannan yanki bai kai na Jos ko Kano ba, amma ya isa ya sa yara rawar ɗari a bayan mota. Motocin da ke wannan zirga-zirga kuwa da yawansu 'yan Kwatano ne, irin su Golf da Corolla da Accord, waɗanda suka sha tafiya a Turai ko Amurka kafin su iso hannunmu. Direba ya murɗa makunnin hita zuwa wajen ja, sai iska ta fito salam, ko ma da sanyinta. Yawanci akan share zancen, a ce ai ƙasarmu ta zafi ce. Wannan darasi zai nuna cewa bai kamata a share ba, domin hita ba ta da wutar kanta. Zafin inji take ara, don haka rauninta labari ne game da lafiyar injin.

Mu fara da zafi kansa. Zafi nau'in makamashi ne, kuma kullum daga abu mai zafi yake tafiya zuwa abu mai sanyi. Hanyoyi biyu na tafiyarsa ne suka shafe mu a nan. Ta farko ita ce ratsawa: zafi ya bi ta jikin abu mai ƙarfi, daga wannan gefe zuwa wancan, abin bai motsa ba. Ƙarfe, musamman tagulla da alminiyam, yana barin zafi ya ratsa shi da sauri. Tsatsa da ɓawon gishiri kuwa suna tare shi. Ta biyu ita ce jigila: ruwa ko iska su ɗauki zafi a wani wuri, su gudana, su sauke shi a wani wurin. A riƙe waɗannan kalmomi biyu, domin duk abin da zai biyo baya a kansu ya ginu.

Injin mota yana ƙona fetur a cikin silinda, iskar da ta fashe ta tura fistin, fistin ya juya ƙarafan da ke kai ƙarfi ga tayu. Sai dai abin da ke zama motsi daga makamashin fetur bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Kusan wani kashi ɗaya yana fita da hayaƙi ta salansa, sauran kuma ya shige jikin injin. In ba a kwashe wannan na ƙarshe ba, ƙarfe zai kumbura, baƙin mai ya tsinke, inji ya buga. Shi ya sa aka huda hanyoyi a jikin inji, kewaye da silindoji, ruwa yana bi. An zaɓi ruwa ne saboda yawan zafin da yake iya ɗauka: ana buƙatar kimanin kilojul 4.2 kafin a ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, alhali kilo ɗaya na iska kilojul 1 kacal ya ishe shi. Famfon ruwa, wanda bel ke juyawa, shi ne ke tura ruwan ya zagaya inji, ya wuce lagireto da ke gaban mota. A can ruwan yana bin siraran bututu masu fukafukan ƙarfe, zafi ya ratsa ƙarfen, iska ta yi jigilarsa waje. Murfin lagireto ma yana da aiki fiye da rufewa. Yana riƙe matsi na kusan ba (bar) 1, wanda ke sa ruwan ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120 a ma'aunin Salshiyos, maimakon 100.

Yanzu mun zo kan ƙaramin abin da ya fi kowane sashe shan zargi a garejinmu, wato tamostat. Ƙofa ce da ke tsakanin inji da lagireto, kuma zafi ne ke buɗe ta. A cikinta akwai ɗan gwangwani cike da kakin da aka haɗa musamman. Idan inji yana da sanyi, kakin a daskare yake, sifirin ya riƙe ƙofar a rufe, ruwa ya yi ta zagaye a cikin injin kaɗai har ya ɗumama da wuri. Idan ruwan ya kai zafin da aka tsara, wanda a yawancin motoci yake tsakanin digiri 80 da 90, kakin ya narke ya kumbura, ya tura wani ɗan sanda, ƙofa ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto. In ruwan ya huce fiye da kima, ta sake tsukewa. Ke nan aikinta shi ne riƙe inji a zafin da maƙera suka auna masa komai, daga tazarar fistin da bangon silinda zuwa kaurin baƙin mai.

Hita kuma ƙaramar lagireto ce da aka ɓoye a bayan dashbod. Tiyo biyu suna shiga gare ta daga ɗakin inji, ɗaya ya kai ruwan zafi, ɗaya ya mayar da shi. Wata fanka tana hura iska ta tsakanin fukafukanta, wata 'yar ƙofa kuma, wadda makunnin ja da shuɗi ke juyawa, ita ke raba yawan iskar da za ta bi ta cikin hita da wadda za ta kauce mata. Daga wannan bayani mai karatu zai iya gano da kansa abubuwan da dole su cika kafin ɗumi ya iso gare shi: ruwan ya yi zafi, ya isa hita yana gudana, zafinsa ya ratsa ƙarfen, sannan iska ta kwaso shi. Binciken matsala bin waɗannan ne bi da bi, a fara da mai sauƙi.

Da safe, kafin a tayar da mota, a duba yawan ruwa a lagireto da robar ajiyarsa. Kada a taɓa buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, domin da zarar matsin ya sauka ruwan zai tafasa nan take ya feso, kuma ƙunarsa mai tsanani ce. A motoci da yawa hita tana daga cikin wurare mafi tudu a hanyar ruwan, don haka in ruwa ya ragu ita ce ta farko da iska ke cikawa. Alamar hakan ita ce ƙarar ɓulɓul a bayan dashbod, ko ɗumi ya zo idan ana gudu a titin Kaduna, ya ɓace idan an tsaya a cunkoson Madalla. Famfon da fukafukansa suka cinye ma yana ba da irin wannan alama. Ruwa kuma ba ya raguwa haka kawai, akwai inda yake bi. A nemi farin tabo ko kore a bakin tiyo, da ƙasan famfo, da gefen lagireto. In babu yoyo a waje, amma ana ganin farin hayaƙi mai kauri a salansa bayan inji ya ɗumama, ko kumfa na tasowa a robar ruwa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gaskit ɗin kan silinda ake tuhuma, kuma wannan aikin bakanike ne ba tare da jinkiri ba.

In ruwa ya cika, sai a tayar da mota a sa ido kan allurar zafi. Cikin minti goma zuwa sha biyar na tuƙi ya kamata ta hau zuwa wajen tsakiya ta tsaya. In ta kwanta a ƙasa, ko ta hau a cunkoso ta sauka a buɗaɗɗen titi, tamostat ta maƙale a buɗe, ko kuma babu ita gaba ɗaya. Na biyun ya fi yawa a wajenmu. Al'ada ce ta yaɗu cewa da mota ta sauka daga Kwatano sai a cire tamostat, a haɗa fankar lagireto kai tsaye ta yi ta juyawa, wai an yi ta ne don ƙasar ƙanƙara. Ina ganin wannan kuskure ne mai tsada, kuma ga dalilaina. Idan tamostat lafiyayya ta buɗe sosai, ba ita ke hana inji hucewa ba. Mota tana zafi ne saboda toshewar lagireto, ko mutuwar fanka, ko raunin famfo, kuma cire ta ɓoye cutar ne kawai. Injin da ke aiki da sanyi yana sa kwamfutar mota ta ƙara masa fetur, tana zaton bai gama ɗumama ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke bangon silinda, ya sauka ya gurɓata baƙin mai, ga kuɗin mai yana ƙaruwa. Bugu da ƙari, a wasu injuna tamostat ɗin ce ke rufe gajeriyar hanyar da ke mayar da ruwa cikin inji; in babu ita, wani ɓangare na ruwan zai riƙa kauce wa lagireto, motar ta yi zafin da ake gudu.

Ana iya gwada tamostat a gida, kuma gwaji ne da ya dace da ɗalibin kimiyya. A rataye ta da zare cikin tukunyar ruwa, kada ta taɓa gindin tukunyar, a sa ma'aunin zafi, a kunna wuta. Ya kamata ta fara buɗewa kusa da lambar da aka buga a jikinta, ta rufe ruf idan ruwan ya huce. In ta kasa, a sayi mai lamba iri ɗaya a wajen masu kayan gyara na Zuba ko Apo.

To, in allura ta kai tsakiya amma har yanzu babu ɗumi fa? A kashe inji, a buɗe bonet, a taɓa tiyon nan biyu masu shiga bangon dashbod cikin hattara. Wani lokaci za a tarar an cire su an haɗa bakinsu da juna, wato an ware hitar saboda ta taɓa yoyo. In ɗaya yana da zafi ɗaya kuma da sanyi, ruwa ba ya wucewa ta cikin hita yadda ya kamata, ta toshe. Sanadin yawanci ruwan rijiya ne ko na burtsatse da ake ɗurawa shekara da shekaru. Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ke manne a ciki: gishirin kalsiyam da magnesiyam ne da ke rabuwa da ruwa idan ya yi zafi. Irinsa ne, haɗe da tsatsa, ke taruwa a bututun hita, waɗanda suke sirara ƙwarai. Yana rage gudanar ruwa, yana kuma tare ratsawar zafi. Maganinsa a cire tiyon biyu, a tura ruwa mai tsabta ta hanyar fita ya fito ta hanyar shiga, da matsi kaɗan, har ya fito garau. Matsi mai yawa yana fasa tsohuwar hita. Wadda ta fashe ana gane ta da wari mai zaƙi-zaƙi cikin mota, da maiƙo a gilashin gaba, da jiƙewar kafet a gaban kujerar fasinja.

In kuwa tiyon biyu duk suna da zafi, matsalar ta ɓangaren iska ce. Wayar da ke jan 'yar ƙofar ta kuɓuce, ko ƙaramin injin lantarkin da ke juya ta ya mutu, ko matatar iska ta cika da ƙurar hunturu. Fankar da ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe, abin rage mata gudu ne ya ƙone. In ba ta motsi sam, a fara duba fis.

Wannan gyara yana da amfani har da damina. Raɓar da ke rufe gilashin gaba idan ana ruwan sama tururin numfashi ne da ya taɓa gilashi mai sanyi ya koma ɗigo. Iska mai ɗumi tana ɗaukar tururi fiye da mai sanyi, shi ya sa hita, musamman in an haɗa ta da na'urar sanyaya mota wadda ke tsotse laima, take share gilashi cikin ɗan lokaci. Kuma in allura ta fara hawa ja a hanya, buɗe hita da fankarta har ƙarshe yana rage wa inji zafi kafin a sami wurin tsayawa.

Bayan kowane gyara, a cika da ruwan sanyaya inji na gaskiya, wanda bakanikai ke kira kulan. Yawanci rabi ruwa ne tatacce, rabi sinadarin etilin gilaikol, tare da magungunan hana tsatsa. Hana daskarewa da yake yi bai dame mu a Neja ba, amma hana tsatsa da ɗaga zafin tafasa sun dame mu. Guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, don haka a nisanta shi daga yara da awaki. A zuba shi a hankali inji yana da sanyi, makunnin hita yana kan ja, a bar inji yana aiki har kumfar iska ta daina fitowa kuma babban tiyon lagireto ya ɗau zafi, alamar tamostat ta buɗe. Washegari da safe a sake duba yawansa, domin yakan ɗan sauka idan ragowar iskar ta fita.