Yadda ake gyara gajeriyar hanyar sake kunna kwamfuta idan ta ƙi aiki

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu da ke kusa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru lokacin miƙa furojet, ya san yadda kwamfuta ke daskarewa daidai lokacin da layi ya yi tsawo, ga janareto na ta shan mai. Shi ya sa wasu masu shago ke ajiye 'yar alama a fuskar Windows, dannawa biyu na'urar ta sake kunna kanta. Sai dai wata rana a danna ta yi shiru.

Fara da duba abin da aka rubuta a cikinta. Ɗora linzami a kanta, danna maɓallin dama, ka zaɓi Properties. A gurbin Target ya kamata ka ga shutdown /r /t 0 ko cikakken adireshinsa, C:\Windows\System32\shutdown.exe /r /t 0. Harafin r na nufin sake kunnawa, t lokacin jira ne a daƙiƙa, sifili kuma yanzu-yanzu. A nan akasarin ɓarnar take: an manta tazara, ko an juya sandar ta koma \, ko an buga harafin O a madadin 0. Alamarta ita ce baƙin akwati ya wulga ya ɓace. In kana son karanta ƙorafin, adana aikinka, danna Windows da R, rubuta cmd, ka buga umarnin a can.

Idan kuwa fayil ɗin bat ka yi, ka sa masa suna shutdown.bat, to kansa zai yi ta kira ba iyaka, rubutu na ta gudu a allo. Canza masa suna kawai.

Wani lokacin kwamfutar kan fara sake kunnawa, sai ta tsaya ta ce wata manhaja ta hana. Masu gaggawa sukan ƙara /f domin a rufe komai da ƙarfi. Ni ba na ba mai shago wannan shawara. Babin da ɗalibi ya kwana yana gyarawa a Word, in ba a adana ba, yana iya tafiya ke nan. Ka kuma sani, da zarar ka sa lokacin jira ya wuce sifili, Windows na ɗauka ka sa /f ko da ba ka rubuta ba. Amfanin jiran ɗaya ne: kafin ya cika, shutdown /a na soke umarnin.

Maɓallan gaggawa irin su Ctrl, Alt da R da ka ɗaura wa alamar ba za su amsa ba sai tana fuskar kwamfuta ko cikin jerin Start. In ka gaji da ita gaba ɗaya, danna Windows da X, sai U, sai R.

Saura jinkirin da kwamfutar ke yi wajen sake kunnawa. Tun Windows 8 a 2012 akwai tsarin Fast Startup, amma kashewa da kunnawa kaɗai yake gaggautawa. Sake kunnawa kuwa daga tushe take loda komai, abin da ya sa take warkar da daskarewa ke nan. Don rage jiran, danna Ctrl, Shift da Esc, shiga Startup, ka kashe manhajojin da ba ka buƙata da safe. In har yanzu tana jan ƙafa, wataƙila tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, kamar wasu kwamfutocin hannu na gwanjo. Kai ta wurin masu gyara a Sabon Gari a sa mata SSD, bayan ka kwafe fayilolinka.

Idan kuma allo ya nuna tana sabunta Windows, don Allah kada ka zare waya ko ka kashe janareto, bar ta ta gama.