Darasi Ga Fatake Da Dillalai: Ƙarar Ƙafar Gaba Ta Mota A Hanyar Birnin Gwari

Darasinmu na wannan karo a kan mota ne. Wani zai ce ina ruwan mai awon masara da aikin bakanike? To, akwai ruwansa. Kayan da ba su isa kasuwa ba, ba su da farashi.

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari tafiya ce ta kimanin kilomita 120, ta Buruku da Udawa da Kuriga, yawancinta kuwa daji ne. Daga can hanya ta rabu, ɗaya ta yi Funtuwa, ɗaya ta yi Tegina ta nufi kudu. A ƙasar ne kuma dajin Kamuku yake, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa wannan hanya shekara da shekaru, har ta kai motoci na tafiya a ayari da rakiya. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Duk da haka, ba mai son motarsa ta durƙushe da lodi a tsakiyar daji, magariba ta yi, ba gareji kusa.

Mota kuwa ba ta cika durƙushewa ba sanarwa. Takan yi mako da makonni tana ƙara daga ƙafar gaba, ana ƙara muryar rediyo. Abin da muke so mu koyar shi ne wannan: ƙara iri-iri ce. Akwai mai jiran ka ci kasuwa ka dawo, akwai wadda ba a fita gari da ita. Rarrabe su kuwa ba ya bukatar inji, kunne ne da hannu da jak.

Fasali na ɗaya: abin da ke riƙe da taya

Mu ɗauki ƙananan motocin haya irin Golf da Sharon. Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ita ma kusan haka ƙafarta ta gaba take. Taya tana juyawa ne a kan boris. Daga sama shokazoba ke riƙe da ita, da sifirin kewaye da shi, kansa kuma yana ɗaure a jikin bodi da wata roba mai kauri. Daga ƙasa akwai wani hannun ƙarfe da makanikai ke kira lowa-am. Gefensa na ciki yana ɗaure da bodi ta cikin robobi, watau bushin. Gefensa na waje yana haɗe da gindin taya ta bol-join, wanda dunƙulen ƙarfe ne a cikin kwasko, kamar ƙugun ɗan Adam. Sai taya-rod, sandar da ke kawo umarnin sitiyari ga taya. Sai sitabilaiza, doguwar sanda da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu don kada mota ta karkace a kwana, da 'yan gajerun sandunanta biyu. A motar da ke ja da gaba akwai kuma shaf, mai kawo ƙarfin inji ga taya.

Duk waɗannan gaɓoɓi, ko dai roba ce tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ko giris ne a cikin rigar roba. Da zarar roba ta tsage, ƙurar hunturu da ruwan damina sun sami ƙofa, giris ya koma yashi, ƙarfe ya ci ƙarfe, sarari ya buɗe. Wannan sarari shi ne ƙarar da kake ji. Lodi fiye da ƙima shi ke gaggauta abin. Ƙaramar mota ba a yi ta don ta ɗauki abin da ya wuce kimanin rabin tan ba, har da mutanen ciki. Buhu 10 na masara mai kilo 100 kuwa tan guda ne cur.

Fasali na biyu: a fara korar ƙarar banza

Kafin a zargi ƙafa, a fitar da jak da sifana da galan da duk abin da ke yawo a but. A duba batir ko a ɗaure yake, a girgiza salansa idan ta huce. Sa'an nan a bi notunan taya ɗaya bayan ɗaya da sifana, musamman in an yi faci kwanan nan. Noti sakakke ya fi kowace ɓarna arhar gyara, ya kuma fi kowace saurin kisa.

Fasali na uku: saurare

A sami hanyar gargada a gefen gari, a sauke gilashi, a kashe rediyo, a tafi a hankali. Abin lura shi ne lokacin da ƙarar ke zuwa.

In ƙwas-ƙwas-ƙwas ce marar nauyi, mai yawa, a kan 'yan ƙananan ramuka, ta yi shiru a kwalta mai kyau, yawanci 'yan sandunan sitabilaiza ne ko robobinta.

In bugu ɗaya ne mai nauyi, dum, daidai lokacin da aka taka birki ko aka tashi mota, a tuhumi bushin na lowa-am. Irin wannan mota takan ɗan ja gefe guda in an yi birki.

In gwaf ce idan taya ta faɗa rami, mota kuma ta ci gaba da rawa bayan an wuce, shokazoba ne ko robar kansa.

In bugun yana zuwa har tafin hannun direba, sitiyari kuma ya yi lako-lako, taya-rod ne ko akwatin sitiyarin kansa.

In ƙyas-ƙyas-ƙyas ce a jere idan an karya sitiyari duka ana ba da wuta, kan shaf ne.

In gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, yana sauya murya idan an karkata dama ko hagu, boris ne.

In kuwa ƙarar takan ɗauke da zarar an ɗora ƙafa a birki kaɗan, a duba kayan birki, ba ƙafa ba.

Bol-join shi ne mugun. Wani lokaci yakan yi ƙugi kamar tsohuwar ƙofa idan ana juya sitiyari, wani lokaci bugu, wani lokaci kuma ƙararsa ba ta kai ta sitabilaiza ba. Girman ƙara ba shi ne girman hatsari ba. Saboda haka kunne nuni kawai yake yi, hannu ke tabbatarwa.

Fasali na huɗu: gwajin hannu

Na farko, mota tana ƙasa. A danna kusurwarta ta gaba da ƙarfi a saki. In ta taso ta tsaya, madalla. In ta yi ta lilo, shokazoba ya mutu. A leƙa jikinsa: in ya jiƙe da mai, ƙura ta manne, ya gama aiki. Sa'an nan inji a kashe, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan dama da hagu, ɗaya ya kama kan taya-rod. In akwai sarari zai ji shi a hannunsa.

Na biyu, a ɗaga. A sami wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a tare tayoyin baya da dutse, a sa jak, a tokare mota da kututture mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A kama taya hannu ɗaya sama, ɗaya ƙasa, a girgiza ciki da waje. In ta yi motsi, bol-join ne ko boris. Ga yadda ake raba su: wani ya taka birki ya riƙe, a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ne. In yana nan, bol-join ne. Sai a kama ta dama da hagu a girgiza. Motsi a nan na taya-rod ne. Mai kallo ya duba ko daga kan waje yake, ko daga ciki wajen akwatin sitiyari.

Sa'an nan a ɗauki dogon ƙarfe irin na mai faci, a zura kusa da kowane bushin a ɗan ɓanɓara. Roba mai rai takan ba da kai kaɗan ta dawo. Matacciya za a gan ta a tsattsage, ko ta rabu da ƙarfenta. A kama 'yan sandunan sitabilaiza a jijjiga. A bi rigunan roba duka da ido, na bol-join da taya-rod da shaf. Giris da ya fantsama a cikin rim shaida ce rigar shaf ta yage.

Abu ɗaya a kiyaye. A wasu akori-kura da bas-bas nauyin mota a kan lowa-am yake zaune. Irin waɗannan, in an ɗaga ta bodi aka bar ƙafa tana reto, sifirin yakan matse bol-join ya ɓoye sararin, a ce lafiya lau. Sai a sa jak a ƙarƙashin lowa-am ɗin, kusa da taya, kafin a girgiza.

A ƙarshe a shafa fuskar taya. In gefe guda ya cinye ya bar ɗaya, ƙafar ta daɗe da karkacewa, kuɗin taya ma yana tafiya.

Fasali na biyar: wanne ke jira, wanne ba ya jira

Ba a lodi, ba a fita gari, in an sami ɗayan waɗannan: notin taya sakakke, sarari a bol-join, sarari a taya-rod, boris mai motsi da gurnani, ko tsaga a jikin lowa-am. Bol-join in ya fita daga kwaskonsa, taya takan kwanta ƙarƙashin mota nan take, sau da yawa ta fizge shaf, ta ja tiyon birki. Taya-rod in ya cire, sitiyari yana hannunka amma taya ba ta jin maganarka.

Masu iya jiran 'yan kwanaki, da sassaucin gudu da ragin lodi: shokazoba mai yoyo, bushin da ya fara tsagewa, shaf da ya fara ƙara. Mai sauƙi duka shi ne sandar sitabilaiza. Ta fi kowa surutu, ta fi kowa araha. Amma kada a yarda da mai cewa a cire sitabilaizar a jefar. Motar da ake ɗora wa buhuna har bisa rufi ita ta fi bukatarta a kwana.

Fasali na shida: gyara da ciniki

A nan ne kuɗin ɗan kasuwa ke zubewa. An saba da an ji ƙara a ce shokazoba ne, a sayi mai tsada a ɗaura, ƙara tana nan. Ka ce wa bakanike: Malam, nuna mini wurin da ke motsi, in sa hannuna. Bakanike na kirki ba ya ƙin wannan. Ka biya shi ladan dubawa dabam, don kada ya zama sai ya canza wani abu zai ci abinci.

Bol-join da kan taya-rod ba a gyara su, canzawa ake yi. Bugun kwasko da guduma don ya matse, ko cusa leda da tsohon tub, ko walda, duk rufe bakin ƙara ne, ciwon yana nan. Shokazoba ana canza shi biyu-biyu, dama da hagu, in ba haka ba mota ta riƙa rinjaya gefe. Sifirin kuwa a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fuska, kada a kwance kansa sai da abin matse shi. Notunan bushin ana yi musu ɗaurin ƙarshe ne bayan an sauke mota ta zauna a kan tayoyinta. In an ɗaure su ƙafa tana reto, robar za ta zauna a murɗe, ba ta daɗewa. Notin da ke da ramin fil a mayar masa da fil, ba ƙusa ko waya ba. Duk sanda aka taɓa taya-rod ko lowa-am, a kai mota a saita ƙafa, watau alaimen, in ba so ake sabuwar taya ta ƙare kafin kaka ba.

Wajen saye, ko a Panteka ta Kaduna ko a Funtuwa, a tafi da tsohon a hannu a gwada tsawo da ramukan noti. In na hannu za a saya, bol-join mai kyau yakan yi tauri a hannu, ya juya sumul ba tsalle, rigarsa ba tsaga. Shokazoba mai kyau yakan yi gardama in an ja shi ko an danna, sandarsa ba ƙarzuwa, jikinsa ba mai. A yi sharaɗin mayarwa kafin a biya. Araha ba ta ado. Bayan gyara kuma a karɓi tsohon da aka cire.

Ga mai ɗaukar shata: kafin a ɗora buhu na farko, ka zagaya gaban motar, ka dubi cin taya, ka girgiza ta, ka nemi direba ya ɗan zagaya da kai a gargada. Ku kuma yanke magana a gaban shaidu a tasha: in mota ta lalace a hanya, wa zai biya juyen kaya? Mai hatsi asararsa ranar kasuwa ce da farashinta. Mai tumatir ko dabbobi, asararsa uwar kuɗi ce.

Ga dillalin mota: giris mai kauri da rage iskar taya sukan ɓoye ƙara kwana biyu, amma ba sa ɓoye sunan wanda ya haɗa cinikin. Faɗi aibin, a rage kuɗinsa, ka ci la'adarka da mutuncinka.

Wannan gwaji duka bai kai rabin sa'a ba. A yi shi ran jajibirin tafiya da rana tsaka, ba da asuba bayan an gama lodi ba, a kuma maimaita shi farkon damina da ƙarshenta. Wanda ya karanta ya karanta wa direbansa da yaron mota. Wasalam.